Murhun Auta

Shafi na 14

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ban ɗora shafin yau ba za ta nemo gidanmu ta zauna a bakin ƙofa. Ba sai kin ɓata takalminki ba, ga shi nan.

Wanda yau ya faɗo cikinmu, ni ce Auta, sana'ata zane da gina shafukan intanet. Wata biyu na yi ina gina wa Dakta, likitar ido mai shagon tabarau, shafinta. Da izininta na ɗora hoto ɗaya na fuskar shafin don mutane su ɗanɗana. Kafin azahar Gwanin Zane, wani mai gemu wanda mabiyansa suka ninka nawa sau ɗari, ya jera hotona da na wani shafi da ya yi wa wani shagon tabarau, ya rubuta a ƙasa cewa ƙananan masu zane su daina sata. Kwana uku ana wanke ni a intanet. Dakta ta ce mu zo ofishinta mu biyu ƙarfe goma na safe. In ban kawo hujja ba, aikin ya bar hannuna, kuma in ba shi haƙuri a bidiyo kowa ya gani.

To mu je.

"Ba inda za ki je ke kaɗai," in ji Mama, tana laluben takalminta a ƙarƙashin kujera.

"Mama, maganar aiki ce fa."

"Kwana uku ba ki ci abin kirki ba. In kika zube a gabansu wa zai ɗauke ki? Shi mai gemun?"

"Ba zan zube ba."

"Riƙe mini wayata in ɗaura ɗankwali."

Na karɓa. Wayar Mama ta fi wasu mabiyana shekaru, gilashinta a tsage, in ka taɓa ta sai ta yi shawara da kanta kafin ta amsa. Amma ina girmama ta, don ita ce ma'aunina. Duk shafin da na gina, a kanta nake fara gwada shi. In ya buɗe a wayar Mama, to zai buɗe a ko'ina.

Ofishin Dakta yana saman shagon. Teburi ɗaya, kujeru huɗu, allon gwajin ido mai haruffan da ke ƙanƙancewa suna gangarowa ƙasa, sai na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin wani ɗan bokiti. Gwani ya riga mu zuwa. Baƙin tabarau ne a fuskarsa, a ofishin likitar ido, kuma har ya fara warware abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora waya.

"Ajiye wannan," in ji Dakta. "Nan ba ɗakin ɗaukar bidiyo ba ne. Ka cire tabarau kuma, ina son ganin idon wanda nake magana da shi."

Ya cire. Ya gaishe da Mama har da ɗan rusunawa. Mama ta amsa da hanci.

"Ni fa Dakta ba na gaba da kowa," ya fara, muryarsa a sanyaye irin ta bidiyoyinsa. "Ƙanwata ce a sana'a. Kuskure ne irin na masu tasowa. Ta ce ta tuba, ni kuma in yafe, a wuce wurin."

Dakta ba ta kula shi ba, ni ta kalla.

"Auta, shafinsa yana kan intanet yau kwana goma sha biyu. Naki bai fito ba. Na duba su biyun da kaina, kin kuma san ido ne sana'ata. Launi ɗaya, jeri ɗaya, har inda aka ajiye maɓallin neman ganin likita. Me za ki ce?"

"Ina da fayilolin aikin tun daga ranar farko, Dakta, kowanne da kwanan watansa."

Gwani ya yi ɗan murmushi.

"Kwanan wata a kwamfuta? Ai minti biyu ya isa a mayar da shi baya."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Shi ya sa tun shekaranjiya na kasa cin abinci. Duk hujjar da na ɗauko, da kaina nake rushe ta kafin wani ya rushe mini.

Amma yau da safe, ina tsaye ina goge haƙora, wani abu ya faɗo mini a rai. Da kumfa a bakina na duba. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, har Mama.

"Dakta, alfarma ɗaya nake nema."

"Ina ji."

"Wayar nan da kike koya wa marasa lafiyarki masu raunin gani, mai karanta musu abin da ke kan allo. Ara mini ita."

Ta ɗan dube ni, sannan ta jawo aljihun tebur ta miƙo mini.

Bari in yi muku bayani kaɗan, don na san rabinku a kwance kuke karantawa. Duk hoton da ke kan shafin intanet yana da wani ɗan rubutu a bayansa. Ido ba ya ganinsa. An yi shi ne don wanda ba ya gani, wayarsa ta karanta masa, ya san me ke cikin hoton. Wannan ɗaya kenan.

Na biyu, mu masu gina shafi, kafin mai aiki ya ba mu rubutunsa na gaskiya, sai mu cike gurabe da rubutun wofi don mu ga yadda shafin zai zauna. Akwai wani shirme na Latin da kowa ke liƙawa. Ni ba na amfani da shi, don babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa, ni kuwa sai na tabbatar salon haruffan da na zaɓa yana ɗaukar masu ƙugiya kafin in yarda da shi. Saboda haka duk gurbin da na samu, na fili da na ɓoye, da abin da kunnena ke ji a lokacin nake cike shi.

A gidanmu kuwa murya ɗaya ce ba ta hutawa.

Na buɗe shafin Gwani a wayar, na ɗora ta a tsakiyar teburi, na ƙure ƙara.

"Wannan shafinka ne?" na tambaye shi.

"Nawa ne mana."

"Kai ka gina shi, daga farko har ƙarshe?"

"Kowane layi."

"Ba wanda ya taya ka?"

"Ƙanwata, lokacin Dakta muke ci."

Na sa yatsa a kan hoton farko, wata mata da tabarau tana murmushi. Wayar ta fara magana da muryar nan tata ta Baturiya, tana tauna Hausa a hankali, amma ana ganewa sarai.

"I-don-ki za-i la-la-ce, wal-la-hi ba-bu ru-wa-na."

Ruwa ya ɗiga cikin bokiti.

Na yaba wa Gwani a nan, bai ko ƙifta ido ba.

"Talla ce," ya ce. "Salon jan hankali. Shagon tabarau ne, aka ce ido zai lalace. Dabara ce ta sana'a."

"A rubutun da makaho kaɗai ke ji?" in ji Dakta. "Mutum ya rasa idonsa, ya zo shafinka neman taimako, ka ce masa idonsa zai lalace, babu ruwanka?"

"To, ai... kowa da salonsa."

Na matsa hoto na biyu, jerin tabarau a kan kanta.

"Au-ta sau-ke mur-hun nan da-ga cin-yar-ki, ki zo ki ci a-bin-ci."

Mama, wadda tun shigowarmu take karanta allon gwajin ido da ido ɗaya a rufe, ta juyo da sauri.

"Ke, wace ce wannan take kwaikwayona?"

"Mama, bari tukuna."

"Bari me? Maganata ce fa. Kuma ba haka nake faɗa ba, ita wannan kamar mura take yi."

Dakta ta haɗe hannuwanta a kan teburi, ta juya wajen Gwani.

"Malam, mene ne murhu?"

"Murhu... ai murhu ne. Na girki."

"A kan cinya?"

Ya kawar da kai.

"Wace ce Auta, a shafin da ka gina kowane layinsa?"

Sai gemunsa yake shafawa.

Dakta ta juya. "Mama, ke fa? Mene ne murhu?"

Mama ta nuna laftof ɗina da ke kan cinyata.

"Ga shi nan, Likita. Taɓa ƙasansa ki ji. Ƙwai za ki soya a kai ya nuna. Shekara shida ina cewa ta sauke shi, sai ta ce mini saura kaɗan. Har yau kaɗan ɗin bai ƙare ba."

Na taɓa hoto na uku, don ni ma a lokacin na fara jin daɗin abin.

"Wa ya ci-re mi-ni ca-ja ya sa ta-sa."

"Ita ce," in ji Mama, tana nuna ni. "Kullum ita ce."

Dakta ta yi ƙoƙari, na ga ta cije leɓe, ta kalli silin. Daga nan dariya ta ƙwace mata, har sai da ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu.

Ban tsaya nan ba. Mama tana da ciwon gwiwa, saboda haka daga ɗakinta zuwa nawa, taku goma sha biyu, saƙon murya take turo mini. Ba na goge su. Na nemo na watan jiya, na kunna. Muryar Mama ta gaske ta cika ofishin, kalma bayan kalma, yadda wayar ta karanta: murhu, cinya, abinci.

"Yauwa," in ji Mama. "Haka ake faɗa."

Na juya laftof ɗin wajen Dakta, na buɗe mata cikin shafinsa, inda rubutun yake a fili. Hoto goma sha tara ne, kowanne da faɗan Mama a bayansa. Ya canza duk rubutun da ido ke gani, ya canza tambari, ya canza hotuna. Abin da ke bayan hotunan ne bai taɓa leƙawa ba, don bai taɓa tunanin makaho zai zo shafinsa ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba, sai dai in ce na ji sauƙi. Kwana uku kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, yanzu aka sauke. Kafaɗuna suka saki. Na ji yunwa ta gaske, irin wadda rabona da ita tun ranar da abin ya fara. Hawaye suka zubo ban gayyace su ba, ni da na yi alkawarin ba zan yi kuka a gaban mai gemu ba.

Mama ta sa hannu a bayana tana bubbugawa.

"To ya isa. Ki bar kukan, mutane na kallo."

Dakta ta mayar da tabarau ɗinta.

"Malam, ɗazu na ce ka ajiye abin nan mai ƙafa uku."

"Haka ne, Dakta."

"Yanzu kafa shi."

"Dakta, ai ana iya gyara maganar nan a tsakaninmu. Ba sai..."

"A tsakaninku ka fara ta? A gaban mutum dubu nawa ka kira ta ɓarauniya? A gabansu za ka gyara."

Ya kafa. Karo na farko ya ce an samu rashin fahimta, Dakta ta ce a sake. Karo na biyu ya ce an samu kamanceceniya, Mama ta ce a sake, ko da yake ba wanda ya tambaye ta. A na uku ya faɗi abin da ya kamata: aikina ne, shi ya kwafa, ya kuma yi mini ƙazafi don kar a gano shi in nawa ya fito. Muna zaune ya ɗora.

Ban yi masa dariya ba. Na so in yi, amma da na ga ya zuba wa allon ido, sai na tuna kwana ukun da na yi ana wanke ni.

Wayata ta fara motsi a cikin jaka, ba ta kuma tsaya ba. Na leƙa sau ɗaya. Wadda jiya ta rubuta cewa irinmu ne ke ɓata sana'a, yanzu ta rubuta cewa ita dama tun farko jikinta ya ba ta. Mutanen intanet kenan, Allah ya bar mu tare.

"Jibi za mu buɗe shafin, kamar yadda muka tsara," in ji Dakta.

"Na gode, Dakta. Na gode ƙwarai."

"Kin cire maganganun Mama daga nawa?"

"Tun sati biyu da suka wuce. Kowane hoto da bayaninsa na gaskiya."

"Duka?"

"Duka." Na ɗan yi tunani. "Zan sake dubawa."

"Ki sake. Ba na son mara lafiyata ya zo yana tambayata wa ya cire caja."

Na fara naɗe wayar cajin laftof, zuciyata fes, har ina tunanin abin da zan ci in mun fita. Mama ta miƙe tana gyara mayafi. Gwani yana harhaɗa ƙafafun abinsa, kansa a ƙasa.

"Saura abu ɗaya," in ji Dakta.

Muka tsaya.

"Ku zauna. Auta, da muka fara aikin nan na gindaya miki sharaɗi. Ba wanda zai ga shafin kafin ranar buɗewa, sai hoto ɗaya da na yarda ki ɗora. Shagon da ya yi wa aiki a layi ɗaya muke da su, yau kwana goma sha biyu suna sanye da rigata. Ta ina ya samu?"

"Wallahi Dakta ban ba kowa ba."

"Ki yi tunani."

"Adireshin gwaji ne, ba ya fitowa a bincike. Daga ni sai ke muka san shi."

"Ni ban ba kowa ba. In shiga kwamfutarki aka yi, wannan ba laifinki ba ne. In kuwa daga hannunki ya fita, magana ta canza. Ba zan ba da bayanan marasa lafiyata a hannun da ke yoyo ba."

Yunwar da nake ji ta ɗauke.

Dakta ta juya wajen Gwani.

"Kai nake jira."

"Ni ban shiga kwamfutar kowa ba," ya ce da sauri. "Wannan kam kar a ɗora mini. Turo mini aka yi."

"Wa?"

"Gwaggona. Ta ce a guruf ɗinsu na matan unguwa aka saka, wai ga wata yarinya tana irin aikina, in gani. Na buɗe, na ga abu ya yi kyau, ba suna, ba komai. Na zaci irin samfurin nan ne da ake bari kyauta."

"Ƙarya ne," na ce. "Ni ba na cikin wani guruf na matan unguwa."

"Yana nan ai. Har da saƙon murya aka haɗo."

Hannun Mama yana kan bayana tun ɗazu. A nan na ji ya tsaya.

Gwani ya ɗora wayarsa a kan teburi, ya danna.

"Salamu alaikum, ku buɗe wannan ku gani. Autata ce ta yi. Ita kaɗai, a kan murhun nan da nake yi mata faɗa a kai. Ba wanda ya koya mata, da kanta ta koya. Ni ban san me ake ce masa ba, amma ku kalli kyau, ku kalli yadda komai ya zauna. A wayata ta gwada ta manta ba ta rufe ba, tun safe nake kallo. Kar wadda ta gaya mata na turo, kanta zai yi girma. Ku dai sa mata albarka."

Saƙon ya ƙare.

Shekara shida ina wannan sana'a. Mama ta ce idona zai lalace, ta ce bayana zai tanƙware, ta ce zan ƙone cinyata. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini aikina ya yi kyau ba. Yau na ji, daga wayar mutumin da ya kira ni ɓarauniya. Daɗi ya kama ni, tsoro ya kama ni, na rasa wanda zan fara saurara.

Na juya. Mama ba ta kallona, bakin mayafinta take murzawa.

"Mama."

"To ni na san ana satar abu ta kallo?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Nuna musu kawai na yi."

Na kama hannunta.

Dakta ta cire tabarau, ta goge shi a hankali, ta mayar. Wannan karon babu dariya a fuskarta.

"Mama, mutum nawa kika tura wa?"

Mama ta zare hannunta daga nawa, ta fara lissafi da yatsu. Ta gama na dama, ta koma na hagu, ta kai tsakiya ta tsaya.

"Likita," ta ce, "da 'yan guruf ɗin, ko ban da su?"